Hajijiyar ciwon ɓarin kai: maganin kullum, atisaye, ko gyaran tsarin rayuwa?

Wanda likita ya tabbatar wa cewa hajijiyar da ke ɗibarsa lokaci-lokaci daga ciwon ɓarin kai take, yakan sami kansa a tsakanin hanyoyi huɗu, kowace kuma tana da masu yabonta. Akwai maganin da ake sha sai ciwon ya taso, akwai gyaran barci da cin abinci da sauran al'amuran yau da kullum, akwai maganin rigakafi da ake sha kowace rana ko ana ciwo ko ba a yi, sannan akwai atisayen da likitocin fisiyo ke koyarwa domin ƙwaƙwalwa ta sake sabawa da motsi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke tumɓuke larurar gaba ɗaya, saboda haka abin da ya kamata a auna shi ne wacce za ta mayar wa mutum da mafi yawan kwanakinsa na aiki da ibada, a kan kuɗin da zai iya biya da haɗarin da jikinsa zai iya ɗauka.

Da farko a tabbata ita ce

A 2012 ne Ƙungiyar Bárány ta masana jiri da daidaiton jiki, tare da Ƙungiyar Ciwon Kai ta Duniya, suka fitar da sharuɗɗan gane wannan larura, kuma su ake bi har yanzu. Ana so a ce hajijiya mai ƙarfi ta taso wa mutum aƙalla sau 5, kowace tana ɗaukar tsakanin minti 5 da awa 72, yana da tarihin ciwon ɓarin kai ko da ya daɗe da lafawa, sannan a rabin lokutan da jirin ya taso akwai wata alama ta ciwon ɓarin kai tare da shi: ko dai ciwon kan kansa mai bugawa, ko ƙin haske da ƙara, ko walƙiya-walƙiya da zane-zane a ido. Abin da ke ruɗa mutane shi ne jirin na iya zuwa ba tare da ciwon kai ko kaɗan ba, musamman ga matan da al'adarsu ta fara ɗaukewa, waɗanda ciwon kan ƙuruciyarsu yakan ragu jiri ya maye gurbinsa. Wani bincike da aka yi a Jamus a 2006 ya ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 na gamuwa da ita a rayuwarsa, kuma mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba.

Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna ta. Likita yana gano ta ne daga bayanin mara lafiya da kuma kawar da cututtukan da ke kama da ita, kuma biyu daga cikinsu sun cancanci a ambata domin maganinsu daban ne. Na farko shi ne jirin da ke zuwa idan mutum ya juya a kan gado ko ya ɗaga kai sama, wanda ba ya wuce minti ɗaya. Ƙananan ƙwayoyin alli ne da suka kauce daga gurbinsu a can cikin kunne, kuma ana mayar da su da wani juyin kai da ake kira juyin Epley, sau da yawa a zama ɗaya ko biyu, ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba. Na biyu shi ne ciwon Ménière, mai zuwa da raguwar ji da ƙugi da toshewar kunne ɗaya, wanda tashinsa ke ɗaukar minti 20 zuwa awa 12. Ban da waɗannan, ƙarancin jini da faɗuwar sukari da wasu magungunan hawan jini duk suna kawo jiri, kuma a asibitocinmu su ya kamata a fara dubawa domin sun fi yawa kuma gwajinsu ba shi da tsada. Gwajin ji kuwa ana samunsa a sassan kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, da kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Jirin da ya zo da ganin abu biyu-biyu, ko sarƙewar harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko karkacewar baki, ko kasa tsayuwa gaba ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani da ya sauko farat ɗaya, ba ya cikin wannan kwatance. Wannan na iya zama shanyewar ɓarin jiki, kuma asibiti ake garzayawa a take.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Ma'auni na farko shi ne yawan kwanakin da ciwon ke cinyewa a wata, kuma ba a sanin wannan da ka. Sai an ware ɗan littafi ana rubuta ranar da jirin ya taso, tsawon lokacin da ya yi, abin da aka ci, yadda aka yi barci, ranar al'ada ga mace, da maganin da aka sha. Wata biyu na irin wannan rubutu ya fi kowane hoton kai amfani ga likita. Ma'auni na biyu kuɗi ne, wanda ya haɗa da kuɗin mota da ranar aikin da za a rasa, domin farashin ƙwaya kaɗai ba ya nuna ainihin abin da ake kashewa. Na uku ɗorewa: idan aka daina, amfanin yana nan ko ya tafi? Na huɗu sauƙin bi, na biyar haɗari.

Akwai kuma ƙarfin hujja, wanda ya kamata a faɗe shi a fili tun yanzu. A 2023 cibiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan larura, na magungunan rigakafi da na lokacin tashin ciwo da na hanyoyin da ba na magani ba, ta kuma kammala cewa hujjar duka mai rauni ce, saboda gwaje-gwajen kaɗan ne kuma mutanen da aka gwada ba su da yawa. Mafi yawan abin da likitoci ke yi aro ne daga abin da aka tabbatar yana aiki a kan ciwon ɓarin kai na yau da kullum. Wannan ba dalilin zama haka nan ba ne, amma dalili ne na yin kaffa-kaffa da duk mai tallan da ya ce nasa sha yanzu magani yanzu ne.

Hanya ta farko: magani sai ciwo ya taso

Wannan ita ce hanyar da kusan kowa ke farawa da ita, sau da yawa ma a kemis ɗin unguwa kafin a ga likita. Magungunan iri biyu ne. Akwai masu kwantar da jiri da tashin zuciya, irin su cinnarizine da aka fi sani da Stugeron, da prochlorperazine wato Stemetil, da promethazine. Akwai kuma na ciwon kai, daga paracetamol da ibuprofen zuwa rukunin triptan irin su sumatriptan da rizatriptan.

Ta fuskar kuɗi da sauƙi babu wadda ta kai ta, in ban da triptan da ke da tsada kuma ba a kowane gari ake samunsa ba. Ta fuskar ɗorewa kuwa ita ce ta ƙarshe, domin ba ta rage yawan tasowar ciwon ko da sau ɗaya. Triptan ɗin ma da ke aiki sosai a kan ciwon kai bai nuna irin wannan ƙarfi a kan jiri ba: gwajin rizatriptan da aka buga a Amurka a 2025 ya nuna cewa bayan awa ɗaya da sha, bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta kwantar da hajijiya ba. Ba a kuma ba da shi ga mai ciwon zuciya ko wanda hawan jininsa bai daidaita ba.

Babban haɗarin wannan hanya yana zuwa ne idan ta zama ta kullum. Masu kwantar da jiri suna aiki ne ta hanyar dakushe saƙon daidaito da ke zuwa ƙwaƙwalwa, saboda haka idan aka ɗauki makonni ana shan su, ƙwaƙwalwar ba ta samun damar gyara kanta, sai mutum ya wayi gari da layi da nauyin kai na dindindin wanda yake zaton ciwon ne ya ƙaru. Cinnarizine da prochlorperazine suna iya jawo rawar jiki da sandarewar gaɓoɓi ga tsofaffi, prochlorperazine kuma yakan murɗe wa matasa wuya ko harshe. Magungunan ciwon kai su ma suna da iyaka: shan paracetamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko shan triptan ko tramadol ko kodin ko haɗin da ke da kafeyin (sinadarin da ke cikin goro da kofi) kwana 10 ko fiye, yana haifar da wani ciwon kai na daban wanda maganin ne da kansa ke jawo shi. A ganina wannan hanya abar ajiyewa ce a aljihu domin ranar da abu ya ɓaci, kwana biyu ko uku a jere, sannan a ajiye.

Hanya ta biyu: gyaran tsarin rayuwa

Ƙwaƙwalwar mai ciwon ɓarin kai ba ta son sauyi na ba-zata, ko a barci ko a abinci ko a haske. Saboda haka ginshiƙan wannan hanya su ne kwanciya da tashi a lokaci ɗaya kowace rana, rashin tsallake abinci, shan isasshen ruwa, motsa jiki daidai gwargwado kamar tafiyar minti 30, da daidaita shan abubuwa masu kafeyin. Wannan na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye, domin goro da shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da shi, kuma yanke su a rana ɗaya yana tayar da ciwon kai kamar yadda yawan shan su ke yi. A hankali ake ragewa.

Kuɗinta kusan babu, haɗarinta kaɗan ne, kuma amfaninta yana ɗorewa muddin ana bi. Wahalarta tana wurin bi ɗin. Mai aikin dare, da direban doguwar hanya, da uwa mai goyo, ba su ke da iko da barcinsu ba. Zafin Maris zuwa Mayu yana ƙarar da ruwan jiki da wuri, kuma haske mai kashe ido na tsakar rana sananne ne cikin masu tayar da ciwon. Azumi ya haɗa abubuwa uku a wuri ɗaya, yunwa da ƙishirwa da sauyin barci, ga kuma rabuwa da goro ko shayin safe. Abin da ke taimaka wa masu yawa shi ne fara rage kafeyin makonni biyu ko uku kafin watan ya kama, jinkirta sahur, da rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur maimakon ɗura shi a lokaci ɗaya. Wanda ciwon ya kayar duk da haka, sauƙin da aka yi wa mara lafiya na ramawa a wasu kwanaki yana cikin Suratul Baƙara, kamar yadda sallah a zaune ta halatta ga wanda ruku'u da sujada ke juya masa ƙasa. Malaminsa da likitansa su ne abokan shawara a nan.

Inda nake ganin mutane suna wuce gona da iri shi ne batun abinci. Akwai dogayen jerin abubuwan da ake cewa a bari, su cakulan da cuku da naman gwangwani da sinadarin ɗanɗano da duk abin da aka tsima, wasu har da daddawa da yaji. Hujjar da ke bayan mafi yawansu ba ta da ƙarfi, kuma abin da ke tayar wa wani ba ya taɓa wani. Wanda ya yanke komai a lokaci guda yakan ƙare da rama da fargabar kwanon abinci, kuma ba zai san wanne ne mai laifin ba. Hanyar da ta fi ita ce a cire abu ɗaya na tsawon wata guda, a duba littafin, in babu bambanci a mayar da shi.

A gefen wannan hanya ake ajiye sinadaran ƙari, wato riboflavin miligiram 400 a rana da magnesium. An gwada su a kan ciwon ɓarin kai na yau da kullum an ga ɗan amfani, suna buƙatar kamar wata uku kafin a yanke hukunci, riboflavin yana mayar da fitsari ruwan ɗorawa ba tare da cutarwa ba, magnesium kuma yana sa zawo kuma bai dace da mai ciwon ƙoda ba. Da yake galibi daga waje ake shigo da su, kuɗinsu na wata yakan fi na maganin likita.

Hanya ta uku: maganin rigakafi na kullum

A nan ne zaɓin ya fi wuya, domin magungunan suna da yawa kuma babu wanda aka ƙera tun asali domin wannan larura. Ana fara tunanin su ne idan ciwon yana cinye kwana huɗu ko fiye a wata, ko kuma tashinsa ɗaya yana kwantar da mutum kwanaki. Ƙa'idarsu ɗaya ce: a fara da kaɗan, a ƙara a hankali, a ba shi wata biyu zuwa uku kafin a ce bai yi ba, kuma nasara ita ce raguwar kwanakin ciwo da rabi. In an dace, akan ci gaba wata 6 zuwa 12 sannan a gwada janyewa sannu a hankali. Da yawa suna yar da magani bayan mako biyu saboda illolinsa sun riga amfaninsa isowa, kuma wannan shi ne babban dalilin da ake cewa an gwada komai bai yi ba.

Propranolol maganin hawan jini ne da bugun zuciya, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a matsayin rigakafin ciwon ɓarin kai, kuma yana da araha. Ya dace da mai hawan jini ko mai faɗuwar gaba. Haramun ne ga mai asma, yana rage bugun zuciya, yana sa kasala, yana ɓoye wa mai ciwon sukari alamun faɗuwar sukarinsa, kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Ɗan'uwansa metoprolol shi aka yi wa gwaji mafi tsari a Jamus, wanda aka buga a 2019, amma an tsayar da gwajin da mutum 130 kacal saboda ƙarancin masu shiga, kuma bai nuna fifiko a kan ƙwayar da babu magani ba.

Amitriptyline shi ma mai araha ne kuma ana samunsa ko'ina. Da dare ake sha, daga miligiram 10, saboda haka ya dace da wanda barci ke gagara, kuma ba ya karo da azumi ta fuskar lokaci. Yana busar da baki, abin da ba ƙaramin abu ba ne a bazara, yana sa nauyin jiki da safe, da taurin bayan gida, da ƙiba, yana kuma iya riƙe fitsari ga dattijo mai kumburin mafitsara. A ɓoye shi daga yara, domin yawansa yana kisa. An fara sanin sa ne a matsayin maganin ciwon damuwa, kuma wannan yakan sa wasu su ƙi sha don kada a ce da su wani abu, alhali adadin da ake bayarwa a nan ya yi ƙasa sosai da na wancan.

Venlafaxine ya fi waɗannan biyu tsada. Wani gwaji a Turkiyya a 2016 ya kwatanta shi da propranolol, aka ga duka biyun sun rage jiri, amma venlafaxine ya fi taimaka wa waɗanda ƙuncin rai ya haɗu musu da ciwon. Yana iya ɗaga jini, kuma mantawa da shi na kwana ɗaya ko biyu yana kawo jiri mai tsanani, don haka bai dace da wanda ba shi da tabbacin samun sa kowane wata ba.

Flunarizine miligiram 10 ya rage yawan hajijiya da ƙarfinta a wani gwaji da aka yi a Vellore ta Indiya a 2014. Illolinsa su ne barci da ƙiba da ƙuncin rai, da rawar jiki ga masu shekaru, shi ya sa ba a son a daɗe a kansa.

Topiramate maganin farfaɗiya ne mai ƙarfi a kan ciwon ɓarin kai, kuma shi ne wanda ke rage ƙiba maimakon ƙara ta. Amma yana sa tsikarin yatsu da mantuwar kalmomi, yana jawo tsakuwar ƙoda, yana kuma rage zufa, abin lura ga mai aiki a rana. Mafi muhimmanci shi ne yana cutar da ɗan tayi, har da tsagewar leɓe, kuma yana iya raunana ƙwayar tazarar haihuwa. Sodium valproate ya fi shi muni ta wannan fuska. Tunda mafi yawan masu wannan larura mata ne a shekarun haihuwa, ra'ayina shi ne waɗannan biyu su zama na ƙarshe da za a duba gare su, kuma duk mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa wa likita kafin ya ɗauki biro. Haka nan macen da ke ganin walƙiya-walƙiya kafin ciwon kai bai kamata ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrogen ba, domin haɗuwar biyun tana ƙara haɗarin shanyewar jiki.

Sababbin allurai na wata-wata, waɗanda aka fara amincewa da su a Amurka a 2018, an ƙera su ne musamman domin ciwon ɓarin kai, kuma ɗaya daga cikinsu, galcanezumab, ya nuna alamar amfani a kan jiri a wani ƙaramin gwaji. Tsadarsu da buƙatar firiji sun fitar da su daga lissafin mafi yawan masu karanta wannan.

Hanya ta huɗu: atisayen daidaito

Asalin wannan atisaye yana komawa ga Cawthorne da Cooksey a Ingila a shekarun 1940. Manufarsa ita ce a riƙa jawo ɗan jiri da gangan, kaɗan-kaɗan, har ƙwaƙwalwa ta daina ɗaukar motsi a matsayin barazana. Akwai kafa ido a kan harafi ɗaya a bango ana juya kai dama da hagu, akwai tafiya ana waiwaye, akwai tsayuwa a kan katifa ido a rufe kusa da abin dafawa, daga baya kuma a shiga wuraren da ke da cunkoso da yawan launi. Mintoci kaɗan ne sau biyu ko uku a rana, na tsawon mako 6 zuwa 12.

Atisayen ba ya hana ciwon tasowa. Aikinsa yana kan abin da ke saura tsakanin tashi da tashi: layi, jin kamar ƙasa na motsi, kasa shiga kasuwa, jiri a bayan babur ko cikin adaidaita sahu, kasa kallon waya ana jan rubutu. Ga wanda ya kai ga tsoron fita daga gida, wannan ita ce hanyar da ta fi kowace amfani, domin zaman ɗaki da gudun motsi su ke ciyar da irin wannan jiri har ya zama na kullum, kuma wata uku a haka ya isa a ce wata larurar ta biyu ta hau kan ta farko.

Kuɗinta yana farko, wato ganin likitan fisiyo da zirga-zirga, kuma ba kowane sashen fisiyo ke da wanda ya ƙware a wannan fanni ba, don haka a tambaya kafin a tashi daga nesa. Bayan an koya, a gida ake yi kyauta, kuma amfaninta shi ne mafi ɗorewa domin jiki ne ya koya. Haɗarinta biyu ne: faɗuwa ga tsofaffi in babu mai tsaya musu, da tayar da ciwon kai in aka yi gaggawa. Wanda ciwonsa ke tasowa kowane mako gara ya fara lafar da shi da magani kafin ya shiga atisaye, kuma shan Stugeron kullum yana rushe aikin atisayen.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin bi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Magani sai ciwo ya taso | Kaɗan, ban da triptan | Awoyi kawai | Mai sauƙi | Jiri ko ciwon kai na dindindin in an yawaita |
| Gyaran tsarin rayuwa | Kusan babu | Muddin ana bi | Mai wuya ga wasu sana'o'i | Takura abinci fiye da kima |
| Propranolol ko amitriptyline | Kaɗan, kowane wata | Yakan wuce lokacin sha, yakan kuma dawo | Matsakaici | Asma, kasala, barci, ƙiba |
| Venlafaxine, flunarizine, topiramate | Matsakaici zuwa mai yawa | Kamar na sama | Yana son bibiyar likita | Ciki, ƙuncin rai, jirin yankewa |
| Atisayen daidaito | Matsakaici da farko, sannan kyauta | Mafi ɗorewa | Yana son naci | Faɗuwa, tayar da ciwo in an gaggauta |

Wa ya dace da wacce

Wanda jirin ke taso wa sau ɗaya a wata ko ƙasa da haka, kuma yana komawa garau a tsakani, ba ya buƙatar ƙwayar kullum. Gyaran barci da abinci, da maganin tashin zuciya na kwana ɗaya ko biyu a ajiye, sun wadatar.

Wanda ke rasa kwana huɗu ko fiye a wata ya nemi rigakafi, kuma sauran cututtukan jikinsa su za su zaɓa masa: mai hawan jini ya tattauna propranolol da likita, mai rashin barci amitriptyline, mai fargaba ko ƙuncin rai venlafaxine in aljihu zai jure, mai asma ya nisanci propranolol, mai ƙiba ya yi hattara da amitriptyline da flunarizine. Mai ciki ko mai shayarwa ta jingina da gyaran tsarin rayuwa da atisaye, in kuma dole sai an sha wani abu, likitan awo ne zai yanke.

Wanda tashin ciwon ya ragu amma layi da tsoron kasuwa suka ƙi barinsa, sashen fisiyo ya kamata ya nufa, ba ƙarin ƙwaya ba. Direba da ɗan acaɓa da magini mai hawa sama da mai aiki da injin niƙa suna da ƙarin lissafi, domin jirin da magungunan da ke sa barci duk haɗari ne a bakin aikinsu. Su fara sabon magani a ranakun hutu, kuma kada su hau abin hawa a ranar da alamun suka fara. Wanda kuma ya shafe watanni yana shan Stugeron ko Stemetil ko maganin ciwon kai kusan kowace rana, matakinsa na farko shi ne ya kai wa likita kwalayen duka a tsara masa yadda zai janye, domin kafin a yi haka ba za a iya gane ko sauran hanyoyin uku suna yi masa aiki ba.